Yaya sabar ta baya za ta san wanda ya shiga, alhali a gaba aka tantance shi?

Malam, in na fahimci tambayarka daidai, kana da nginx, manhajar da ke aikin furoksi (mai shiga tsakanin burauza da sabar), a gaba yana karɓar duk buƙatar da ta shigo daga intanet, a bayansa kuma akwai sabar guda biyu. Ta farko ce ke da shafin shiga, inda mutum ke sa sunansa da kalmar sirri. Ta biyu ce ke riƙe da bayanai. Wani lokaci nginx ne ke miƙa mata buƙata kai tsaye, wani lokaci kuma ta farkon ce ke kiranta a madadin mutumin. Ka ce yanzu kana rubuta sunan mutum a wata heda (layin bayani da ke tafiya a saman buƙata) mai suna X-User, sabar ta biyu tana karantawa, komai yana tafiya lami lafiya, amma hankalinka bai kwanta ba. Shi ne kake tambaya ko gara ka riƙa tura mata kukin mutumin (shaidar da burauzarsa ke riƙewa bayan ya shiga), ko ma kalmar sirrinsa gaba ɗaya.

Gara da hankalinka bai kwanta ba. Bari mu fara daga halin da sabar ta biyu take ciki, domin daga nan ne komai ke warwarewa.

HTTP ba ya riƙe komai a ka. Kowace buƙata baƙuwa ce, sai ta zo da shaidarta. Ita kuwa sabar ta biyu ba ta taɓa ganin mutumin ba, ba ta ga burauzarsa ba, ko adireshinsa na IP ba ta gani ba. Abin da take gani haɗi ne daga nginx, ɗauke da wasu layukan rubutu. Duk abin da ta sani game da mutumin, faɗa mata aka yi. To idan an ce mata "wannan buƙatar ta wane ce", mene ne hujjarta na yarda? A cikin wannan akwai tambaya biyu da mutane kan cakuɗa. Wace na'ura ce ke magana da ni? Kuma a madadin wa take magana? Tsarinka na yanzu yana amsa ta biyun da baki kawai, ta farkon kuwa bai ma taɓa ta ba.

Ba na cewa hedar suna haramun ce. Manyan kayan aiki da ita suke tafiya: oauth2-proxy yana tura X-Forwarded-User, Traefik yana da ForwardAuth, Apache ya daɗe yana miƙa REMOTE_USER. Amma dabarar a kan ƙafa biyu take tsaye, kuma in ɗaya ta karye, ta faɗi. Dole ya zama babu mai iya kaiwa ga sabar ta biyu sai ta hannun nginx. Dole kuma nginx ya goge duk X-User da ta taho daga waje, ya rubuta tasa, a kowace hanya, ba tare da an tsallake ko ɗaya ba.

Ƙafa ta biyun ita ta fi cin mutane. Al'adar nginx ita ce kusan duk hedar da burauza ta aiko, yana wucewa da ita baya yadda ta zo, sai in ka hana shi. Ga yadda ya kamata wurin ya kasance:

location /bayanai/ {
    auth_request /tantance;
    auth_request_set $mutum $upstream_http_x_user;
    proxy_set_header X-User $mutum;
    proxy_pass http://sabar_biyu;
}

Layin auth_request yana sa nginx ya tsaya ya tambayi sabar ta farko kafin ya wuce da buƙatar. In ta amsa da lamba ɗari biyu da wani abu, ya wuce. In ta ce 401 ko 403, ya mayar wa mai buƙata da wannan amsar. Duk wata amsa daban kuwa kuskure ce a wurinsa. Sunan da ta mayar shi ake zubawa a $mutum, shi ne kuma ke danne duk wata X-User da aka aiko daga waje. A hanyoyin da ba sa bukatar shiga, sai ka rubuta proxy_set_header X-User "". Domin nginx ba ya tura hedar da aka bar ta wayam.

Ga inda ramin yake. Umarnin proxy_set_header da ka rubuta a sama, a matakin server, yana gangarowa cikin location ne kawai idan location ɗin ba shi da nasa proxy_set_header ko guda. Da zarar ka ƙara layi ɗaya a ciki, duk na sama sun ɓace masa, shiru, ba gargaɗi. Na taɓa ganin wannan da idona a wani wurin da na yi aiki. An sa layin goge hedar a sama, an gwada, yana aiki. Bayan wasu watanni wani abokin aiki ya buɗe sabuwar hanya ta WebSocket, ya ƙara layuka biyu na Upgrade da Connection kamar yadda kowa ke yi. Bai yi kuskure a abin da ya rubuta ba. Amma daga ranar, duk wanda ya bi ta wannan hanyar yana iya kiran kansa da sunan da ya ga dama. Mun gano ne a wani gwaji na cikin gida, na aika buƙata ta curl (manhajar aika buƙata da hannu) da X-User: admin ina jiran 401, sai ga jerin bayanan mutane ya cika mini allo. Sai da na sake bugawa sau biyu kafin na yarda.

Akwai kuma ƙaramin rami na alamar rubutu. A tsarin CGI da 'ya'yansa, irin su WSGI na Python da PHP, ana mayar da sunan heda zuwa manyan baƙaƙe, a maye gurbin karan tsakiya da karan ƙasa. Saboda haka X-User da X_User duk suna komawa HTTP_X_USER. Kai ka goge mai karan tsakiya, maharin ya aiko da mai karan ƙasa. Django ya yi gyara a kan wannan matsalar a Janairun 2015. Shi nginx yana zubar da hedoji masu karan ƙasa tun asali, kuma wannan kariya ce. Abin takaicin shi ne mutane da yawa sukan kunna underscores_in_headers saboda wata hedarsu ta ɓace, ba su san ƙofar da suka buɗe ba.

Kada ka ɗauka ƙananan masu shafi kaɗai ke faɗawa. A Mayun 2022 aka bayyana ramin CVE-2022-1388 a na'urorin BIG-IP na F5. Ƙa'idar HTTP ta ce duk hedar da aka ambaci sunanta a cikin Connection, ta tsakanin maƙwabta biyu ce kawai, furoksi ya cire ta kafin ya wuce gaba. Sai maharan suka sa sunan hedar tokin ɗin, X-F5-Auth-Token, a cikin Connection. Na gaba ya ga akwai tokin, ya ce na baya zai duba. A hanya aka cire shi. Na baya ya ga buƙata ba tokin, da alamar daga cikin gida take, ya amince da sunan da aka ba shi. Kowanne ya zaci ɗayan ya yi aikin. A Oktoban shekarar Fortinet ta ci karo da irin nata, inda hedar Forwarded da ke iƙirarin 127.0.0.1 ta taimaka wajen tsallake tantancewa. A Maris na 2025 kuma sai Next.js, da hedar x-middleware-subrequest, wadda aka yi don amfanin cikin gida amma aka karɓe ta daga waje. Cuta ɗaya ce: na baya ya yarda da rubutun da kowa zai iya rubutawa.

To batun tura kalmar sirri fa? Kada ka fara. Tsarin Basic, wanda HTTP ke tura suna da kalmar sirri da shi, ba ɓoyewa yake ba, base64 ne kawai, wanda kowa zai warware cikin daƙiƙa. Duk sabar da kalmar ta ratsa ta zama wurin da za ta iya zubewa, a kundin kurakurai, a kayan bin diddigi, a ko'ina. Sannan ranar da ka ƙara mataki na biyu na tantancewa, ko ka bar mutane su shiga da asusun Google, ba ka da kalmar da za ka tura, sai ka rushe ginin.

Kuki ya fi wannan dama-dama, amma da sharaɗi. Idan sabar biyun a gaskiya manhaja ɗaya ce da aka raba biyu, hannu ɗaya ke kula da su, suna duba rumbun zama ɗaya kamar Redis, to tura kukin ba laifi ba ne, kuma nginx ma yana tura shi ba sai ka ce masa ba. Amma ka san abin da ka bayar. Kukin zama makullin gida ne gaba ɗaya, kuma yana iya yin kwanaki yana aiki. In aka fasa sabar ta biyu, maharin zai tattara kukin duk wanda ya ratsa, ya koma ta ƙofar gaba ya shiga a matsayinsu, har ya canza musu imel. Haka abin yake da tura hedar Authorization ta mutum yadda ta zo. Af, tunda na ambace ta: kada ka rikita ta da Proxy-Authorization. Ta farkon har ƙarshe take tafiya, ta biyun kuwa furoksin da ya nema ne ke cinye ta, shi ya sa nata kuskuren 407 ne, ba 401 ba. Kuma in Apache ne a bayan da CGI ko FastCGI, ka ga Authorization ba ta isa ga manhajarka, da gangan yake riƙe ta. Umarnin CGIPassAuth da aka ƙara a sigar 2.4.13 ne ke sakinta.

Abin da ni zan yi a matsayinka shi ne in bar tura suna tsirara, in koma tura 'yar takardar shaida mai sa hannu, mai gajeren rai, wadda aka rubuta wa sabar ta biyu ita kaɗai. Sigar da aka fi sani ita ce JWT, wadda RFC 7519 ta 2015 ta tsara. Cikinta ba wani abu mai yawa ba ne:

{"iss": "kofa", "sub": "4821", "aud": "sabar-biyu", "exp": 1735689660}

iss wanda ya bayar, sub mutumin, aud wadda aka rubuta wa, exp lokacin mutuwar takardar. Sabar ta farko, wadda ta riga ta duba kukin a lokacin auth_request, ita ce za ta ƙirƙire ta, ta mayar wa nginx a heda, shi kuma ya wuce da ita baya kamar yadda yake yi da sunan yanzu, ya kuma goge kukin kada ya bi ta. Layi biyu ko uku ne za su canza a saitinka. Bambancin shi ne yanzu ko wani ya sami hanyar cusa hedar, ba zai iya ƙirƙirar sa hannun ba. Kuskuren da na ba ka labarinsa a sama, da wannan tsarin muke, da 401 zan samu.

Ba ni na ƙirƙiro dabarar ba. IAP, furoksin tantancewa na Google, yana aika imel ɗin mutum a heda tsirara, sannan ya haɗa da X-Goog-IAP-JWT-Assertion mai sa hannu, kuma ita ce suke cewa a dogara da ita. Mai raba kaya na AWS yana aika x-amzn-oidc-data, Cloudflare Access yana aika Cf-Access-Jwt-Assertion. Waɗanda suka fi kowa iko da hanyoyin sadarwarsu ma ba su ce wa na baya ya yarda da baki kawai ba.

Amma sa hannu ba ya amfani in mai dubawa ya yi sakaci, kuma a nan nake so ka ɗan daɗe. Yi amfani da makulli mai ɓangare biyu, RS256 ko ES256, inda na sirri ke wurin mai bayarwa shi kaɗai, sauran kuma suna riƙe da na dubawa. In ka ɗauki HS256, makulli ɗaya ne ke sa hannu kuma yake dubawa, ma'ana duk sabar da ke iya tantance takarda tana iya buga ta jabu. A wurin dubawa, kai ne za ka faɗa wa laburaren irin sa hannun da ka yarda da shi, kada ka bar takardar ta zaɓa wa kanta. A 2015 an gano laburare da dama suna karɓar takardar da ta ce alg ɗinta (filin da ke faɗin irin sa hannun) none ne, wato ba sa hannu sam, su ce ta inganta. Wasu kuma ana yaudararsu su ɗauki makullin dubawa na RSA, wanda ba sirri ba ne, a matsayin sirrin HS256. A sub kuma ka sa lambar da ba ta canzawa, kada ka sa imel ko sunan shiga, domin waɗannan ana canza su, wani lokaci ma wani ya gaji na wani. Kuma ka tuna takardar sa hannu kawai gare ta, ba a rufe take ba; duk wanda ya riƙe ta zai karanta abin da ke ciki.

Shi kuwa aud, shi ne wanda aka fi mantawa, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro. Ka ɗauka gobe ka ƙara sabar ta uku mai aika saƙonni, wadda ba a kula da tsaronta sosai. In duk takardunku iri ɗaya ne, ba a duba wa aka rubuta wa, to duk wanda ya kama ta ukun zai kwashi takardun da ke zuwa mata ya kai wa ta biyu, ita kuma ta karɓa hannu bibbiyu domin sa hannun na gaskiya ne. Layi ɗaya na duba aud ke rufe wannan.

Tsawon ranta kuma, ni nakan ba ta minti ɗaya zuwa biyar, tunda a kowace buƙata ana iya yin sabuwa. Wannan ne ma ke warware matsalar fita: mutum ya danna fita, an kashe zamansa a sabar ta farko, auth_request na gaba ya faɗi, babu sabuwar takarda, tsohuwar kuma ta mutu da kanta. Sai dai gajeren rai yana bukatar agogon na'urorin su daidaita. Kunna NTP, mai daidaita agogo, a kowacce, ka bar rangwamen 'yan daƙiƙu. In ka ga 401 na zuwa jefi-jefi ba dalili, agogo za ka fara dubawa.

Saura ɗaya hanyar, inda sabar ta farko ke kiran ta biyu da kanta. Abin da na fi gani ana yi shi ne a ba ta farkon babban makulli mai buɗe komai, sai ta riƙa cewa "ba ni bayanan lamba kaza". Ta biyun ba ta tambayar komai, tunda babba ne ya aiko. Ranar da wani ya gano yadda zai sa ta farkon ta nemi lambar da ba tasa ba, ta hanyar canza lamba a adireshi misali, shi ke nan, ta yi masa aiki da ikonta. Norm Hardy ya bayyana wannan matsalar tun 1988, ya kira ta ruɗaɗɗen wakili: mai iko da aka yaudara ya yi wa marar iko aiki. Maganinta shi ne shaidar mutumin ta bi buƙatar har ƙarshe, kuma sabar da ke riƙe da bayanan ita ce za ta yanke ko wannan mutumin ya cancanci wannan bayanin. In kana da cibiyar OAuth, akwai tsarin musayar tokin na RFC 8693, wanda ya fito a Janairun 2020: sabar ta kai tokin da aka ba ta, a musanya mata da wani da aka rubuta wa ta gaba, mai ƙaramin iko, har da filin act da ke nuna wa ke aikin a madadin wa. Wannan filin yana da daɗi ranar bincike, domin kundinka zai nuna mutumin da kuma na'urar da ta yi masa aike. Amma ga sabar biyu kacal, kafa wannan duka ya yi yawa. Tunda ta farkon ce ke buga takardun, ta buga wa kiran nata irin wadda take ba nginx, da sub na mutumin da ke zaune a zaman, ba lambar da ta zo a adireshi ba.

Duk da haka kada ka bar ƙafa ta farko, wato hana kowa kaiwa ga sabar ta biyu sai ta hanyar da ka tsara. In sabar ta biyu tana na'ura ɗaya da nginx, ɗaure ta a 127.0.0.1 ko soket na Unix. In da Docker kake aiki, ka lura: -p 8080:8080 yana buɗe ta ga duniya, kuma dokokin da Docker ke sakawa a iptables sukan tsallake katangar tsaro ta ufw, sai ka ga katangarka ta ce a rufe alhali a buɗe take. Rubuta 127.0.0.1:8080:8080. In kuwa na'urori daban-daban ne, sa TLS mai satifiket ta ɓangare biyu, kowacce ta nuna wa 'yar'uwarta shaida. Wannan ne ke amsa tambayar "wace na'ura ce ke magana da ni". A nan ma nginx yana da wata ɗabi'a: proxy_ssl_verify a kashe yake zuwa, wato zai yi magana da https amma ba zai duba satifiket ɗin na baya ba sai ka kunna.

In akwai Windows a lamarin, da hanyoyin tantancewarsa NTLM da Kerberos, labarin ya ɗan bambanta. NTLM haɗin TCP yake tantancewa, ba buƙata ɗaya-ɗaya ba, saboda haka furoksin da ke sake amfani da haɗi ɗaya ga mutane da yawa yana iya ɗora buƙatar wani a kan shaidar wani. Kerberos kuma tikitin da aka ba sabar ta farko ba ya wucewa zuwa ta biyu, sai an saita wakilci, kamar wakilci mai iyaka da ya zo da Windows Server 2003. Ba ka ambaci wannan ba, don haka na bar shi nan.

Wani abu da zai iya cizonka ko da ka yi duk na sama daidai shi ne ma'ajiyar wucin gadi. In ka kunna proxy_cache, makullin da nginx ke ajiya da shi tun asali adireshi ne kawai, babu mutum a ciki. Mutum na farko ya buɗe /bayanai/nawa, an ajiye; na biyu ya zo, an tantance shi lafiya lau, sannan a miƙa masa shafin na farkon. Ko dai ka kashe ajiya a waɗannan hanyoyin, ko sabar ta biyu ta riƙa amsawa da Cache-Control: private. Ka kuma leƙa kundin sabar ɗin ka tabbata ba ta rubuta hedoji gaba ɗaya a duk lokacin da ta yi kuskure.

Kafin ka taɓa komai, gwada abin da kake da shi yau. Daga wata na'ura ta waje, ba tare da ka shiga ba, aika curl -H "X-User: admin" zuwa kowace location da ke cikin saitinka, ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ka manta da su, nginx -T zai zazzage maka su duka. Sake yi da X_User. Sannan ka shiga da asusun gwaji, ka aika Connection: X-User ka ga abin da ta biyun ke yi in hedar ba ta iso ba, domin wasu manhajojin in ba su ga suna ba sai su ɗauka kiran cikin gida ne. Daga ƙarshe ka nemi sabar ta biyu kai tsaye da adireshinta na IP da lambar tasharta. Wannan na ƙarshen bai kamata ya ba ka ko 401 ba, kamata ya yi haɗin ya ƙi buɗuwa.